Ladubban Cinikin Rediyo da Sifika na Hannu a Waya

Idan kina cikin zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp irin namu na Haɗeja, na san da wuya rana ta fito ta faɗi ba ki ga wata ta saka hoton rediyo, ko MP mai Bluetooth, ko manyan sifikokin nan da ake jera wa amarya a falo ba, a ƙasa ta rubuta: "Na sayarwa ne, lafiyarsa ƙalau, mai so ta yi magana." Kafin ki gama wanke-wanke mutum 10 sun tambayi kuɗin, 3 sun taya, ɗaya ta ce a ajiye mata.

Kayan sauti sun shiga rayuwarmu sosai. Da MP yaro yake bitar hadda kafin ya tafi Islamiyya. Da rediyo maigida yake bin labaran BBC Hausa da asuba, ko ya rataye shi a kafaɗa ya nufi gonar shinkafa a fadama. Ke kuma kina tuƙa tuwo kina sauraron Sawaba FM. Malamar Islamiyya tana neman amfilifaya da makirfo saboda walimar sauka. Sabo ya yi tsada, shi ya sa yawancinmu na hannu muke nema. Babu laifi a cikin wannan, sayen kwancen kaya tsohuwar al'ada ce a wurin matan Hausawa.

Abin da ya sauya shi ne hanyar. A da dillaliya ce take ɗauko kayan a kai, ta shiga gida-gida. Kin san ta, kin san gidanta, gobe ma za ta dawo. Saboda haka ba ta iya ɓoye miki aibin kaya, don ta san idan ya ɓaci a ƙofar ɗakinta za a tsaya. Ba ta kuma faɗa miki kayan wace ce, ko me ya sa take sayarwa. Idan aka samu saɓani, ita take shiga tsakani ta sasanta, ta karɓi la'adarta kowa ya rabu lafiya. Waya ta ɗauke dillaliya daga tsakani, ta bar ki da mai kaya ido da ido. Ayyukan nan 3 da take yi, wato faɗin aibi da rufin asiri da sulhu, yanzu sun dawo wuyanki da wuyana. A kansu nake son mu tattauna.

Rediyon da ya sha ruwa

Mu mutanen bakin kogi muna da matsalar da ta fi ta wasu. Kogin Haɗeja yana tattaro ruwan Kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Idan damuna ta yi ƙarfi, ga ruwan sama, ga wanda ya gangaro daga sama, ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, sai kogi ya haura gaɓa. Kina tune da damunar 2020 da ta 2022, lokacin da maza suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, garuruwa da dama a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri suka koma sai da kwalekwale. A irin wannan lokaci uwa 'ya'yanta take fara ɗauka, sai hatsi da tufafi. Sifikar da ke ajiye a ƙasan falo ita ce ta ƙarshe da za a tuna.

Idan ruwa ya janye, sai a shanya kayan a rana, a goge, a jona, a ji sun kama. Daga nan wasu sukan shigo kasuwar waya a matsayin masu "lafiya ƙalau". Matsalar ita ce ruwan ambaliya ba ruwan randa ba ne. Yana tafe da laka da datti, kuma idan ya bushe yakan bar su a manne a jikin ƙananan wayoyin da ke ciki. Tsatsa ta fara cin su a hankali. Yau rediyo yana magana, bayan sati 3 ya fara kaɗe-kaɗen kansa, wata rana ya yi shiru ke nan. Faifan cikin sifika, wanda yake rawa ya fitar da sauti, a yawancin kaya na takarda ne mai kauri. Da zarar ya jiƙe ya bushe sai ya lanƙwashe, ki ji murya tana fita kamar mai mura.

Malamanmu na Islamiyya suna yawan kawo mana wani labari da ke cikin Sahihu Muslim. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya zura hannunsa cikin tsibin, sai ya ji danshi a ƙasa. Da ya tambaya, mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya nuna masa cewa kamata ya yi ya ɗora jiƙaƙƙen a sama inda kowa zai gani, ya kuma yi kakkausan gargaɗi a kan algus. Duk lokacin da na ji labarin nan sai na tuna sifikokinmu, busassu a waje, ruma a ciki.

Ba ina cewa kada ki sayar da abin da ruwa ya taɓa ba ne. Wadda ta rasa ɗaki da hatsi tana da buƙatar kowace naira. Ki sayar, amma ki rubuta: "Ruwa ya taɓa shi a damuna, yanzu yana aiki, na rage kuɗi saboda haka." Akwai masu gyara da suke neman irin waɗannan don su cire kayan gyara. Za ki samu kuɗinki, kuma ba za ki riƙa sauya hanya idan kin hango mai sayen a gidan biki ba.

Idan ke ce mai sayarwa

Ki ɗauki hoton kayan da kanki, da rana, gaba da baya da ƙasa. Kada ki ɗauko hoton sabo daga intanet ki ce "irin wannan ne." Kayan sauti kuma hoto ba ya wadatar da su, don kunne ne alƙalinsu. Ki yi ɗan bidiyo na minti ɗaya, ki kunna, ki ƙara murya har sama, ki rage, ki nuna yana kama tasha, yana karanta memori, yana haɗuwa da waya.

Ki faɗi aibin tun kafin a tambaye ki. Batir ba ya wuce awa ɗaya? Rimot ya ɓata? An taɓa kai shi wurin mai gyara? Ɗaya daga cikin sifikokin ba ta magana? Ki rubuta. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Don haka kalmar nan da wasu suke rubutawa, "in an saya ba a dawowa da shi," ba ta wanke wadda ta san aibi ta yi shiru.

Idan kayan na ƙasar waje ne, ki duba rubutun da ke bayansa. Wasu amfilifayoyin da aka yi don Amurka wutar 110 zuwa 120 suke ɗauka, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Idan kina amfani da shi da na'urar rage wuta, ki faɗa, ki haɗa mata da ita ko ki ce ta nema. In ba haka ba, jonawar farko hayaƙi za ta gani.

Kafin ki miƙa, ki cire memori. Wannan mutane da yawa suna mantawa. A cikin ɗan ƙaramin abin nan akwai muryar 'ya'yanki, akwai saƙonnin murya da aka kwafo daga waya, wani lokaci har da hotuna. Akwai kuma waƙoƙin da samarin gida suka zuba, waɗanda ba za ki so su fito a falon wata, gaban 'ya'yanta, da sunan daga gidanki suka zo ba.

Sai maganar alkawari. Idan wata ta taya kika ce kin sallama, ciniki ya faɗa. Ko da bayan minti 5 wata ta ƙara naira dubu 3, ki ce mata an riga an sallama. Ita ma mai ƙarin ya kamata ta san addini ya hana mutum ya yi tayi a kan cinikin da ɗan'uwansa ya riga ya daidaita. Haka nan kada ki sa ƙawarki ta shigo zaure tana tayawa da tsada alhali ba saye za ta yi ba, don kawai ta zuga wasu. Malamai suna kiran wannan najashi, kuma haramun ne ko a kasuwar Maigatari ko a cikin waya. In kaya sun fita, ki goge tallar ko ki rubuta an sayar, don kada wata ta ɓata datarta tana jiran amsa.

Idan ke ce mai saye

Ki fara da sallama. Abin mamaki ne yadda macen da ba za ta shiga gidan maƙwabta ba tare da sallama ba za ta faɗo wa mutum a waya da "nawa ƙarshe?" kawai. Ki gaishe ta, ki ambaci kayan da kike magana a kai, sannan ki yi tambayarki. Ki kuma duba lokaci. Ƙarfe 12 na dare ba lokacin kiran matar aure ba ne a kan rediyo. Idan maigida ko ɗanki ne zai ƙarasa cinikin, ki sanar da ita kafin ki ba shi lambarta, ki ji ko ta fi son a yi magana da mijinta ko ƙaninta.

Tayi halal ne, wulaƙanci ne ba kyau. Ta ce naira dubu 40, ke kuma ki ce dubu 8, sannan ki ƙara da "ai wannan tsohon yayi ne, ko kyauta wata ba za ta karɓa ba." Idan haka ne, me ya kawo ki? A kasuwa idan tayi bai kai ba, mai kaya "albarka" take cewa, mai saye ta ƙara ko ta wuce, babu wadda ta ci zarafin wata. Mu riƙe wannan a waya ma. In kuɗinki bai kai ba, ki faɗi gaskiya: "Yaya, abin da nake da shi ke nan, in zai yiwu." Sau da yawa wannan ya fi kushe saurin sa a sallama.

Kada ki ce a ajiye miki sai kin tabbata. Ki yi shawara da maigida tun kafin ki taya. Akwai wadda za ta sa a riƙe mata kaya kwana 4, mai kaya ta kori masu saye 3, sannan ta daina ɗaga waya. Idan kin fasa, saƙo ɗaya ya isa: "Ki yi haƙuri, ba zan samu dama ba." Idan kuma da gaske kike, ki ba da kafin alƙalami, ku yanke ranar cikawa, ku kuma faɗi abin da zai faru da kuɗin idan aka fasa.

Gani ya kori ji. Idan a cikin gari ne, ki je ko ki tura wanda ya san kan abin. Wuri mafi sauƙi ga kowa shi ne shagon mai gyaran rediyo, don yana da wuta ko batir na gwaji, kuma babu wadda aka shiga ɗakinta. Ki ba shi ɗan abin goro ya buɗe ya duba. Idan ke za ki duba da kanki, ga abin da ido da hanci za su gaya miki. Ki juya sifikar ki kalli ƙasanta, domin katakon da ake yin su da shi na garin katako ne da aka matse, in ya sha ruwa yakan kumbura ya yi burtsi. Ki dubi kusoshin baya ko sun yi tsatsa. Ki buɗe gidan batir ki ga ko akwai wani gari fari ko kore. Ki sunsuna, warin ruma ba ya ɓuya. Sannan ki bar shi yana aiki kamar minti 20, domin wani aibin sai kaya sun ɗumama yake fitowa.

Idan daga Kano ko Dutse za a sako miki a mota, ku yi magana a fili: wa zai biya kuɗin mota, kuma idan ya fashe a hanya asarar wa ce? Ku kuma yanke kwanakin gwaji, ko 2 ko 3, musamman tunda ba kullum ake samun wuta ba. Duk abin da kuka amince ku rubuta shi a saƙo, kada ku bar shi a kiran waya kawai.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancinmu muka saba da taransifa. Ke mai sayarwa, kada ki dogara da hoton rasit ko saƙon da ya shigo, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna, domin alat na bogi ya yi yawa. Ke mai saye, kada ki ji haushi idan ta ce ki jira ta duba. Ba zarginki take yi ba, kuma ke ma ranar da kike sayarwa haka za ki yi. Ki tabbata sunan da ke asusun ya yi daidai da wanda ta gaya miki kafin ki tura.

Bayan haka, ki tuna na hannu kika saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan an faɗa miki batir ya yi rauni kika amince, ba ki da hujjar dawowa bayan wata 2 kina faɗa.

Abin da bai kamata ki tambaya ba

Aikin jinya ya nuna mini wani ɓangare na wannan kasuwa da ba a gani a hoto. Na sha tsayawa a gefen gado ina kallon uwa tana latsa waya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da yaron da ake ƙara wa ruwa, tana tura wa ƙanwarta saƙo a ɗauki hoton sifikokin ɗakinta a saka a zaure. An rubuta magani, ana buƙatar jini, maigida yana gona ko yana Legas, kuɗin hannu sun ƙare. Sifikokin nan mahaifinta ne ya saya mata lokacin aure. Ba don ta gaji da su take rabuwa da su ba.

Saboda haka idan kin ga tallar wadda kika sani, kada ki bi ta da "lafiya kike sayar da kayan ɗakinki?" Kada ki ɗauki hoton tallar ki tura wa dangin mijinta ko kishiyarta. Idan kuma kin fahimci a matse take, wannan ba dama ba ce ta karya farashi. Na taɓa jin wata a bakin ɗakin marasa lafiya tana ba ƙawarta shawara a waya cewa ta ƙara jira zuwa yamma, mai kayan za ta sauko don yaronta na kwance. Maganar nan ta daɗe tana damuna. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan kina da hali ki biya abin da kayan suka kai, in ba ki da shi ki taya da mutunci ki yi mata addu'a.

Idan kin kai kaya gida kika tarar da memori a ciki, amana ce ta faɗo hannunki. Kada ki buɗe, kada ki bar yara su buɗe. Ki kira ta ki mayar. Idan kuma baƙi sun yaba sifikar a falonki, ba dole ba ne su san daga ɗakin wa ta fito. Dillaliyar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan.

Kunnen yaro da batir

Bari in sa farar rigata na ɗan lokaci. MP da yawa batirin lithium ne a cikinsu, irin na waya. Idan kin ga jikin MP ya kumbura, ko murfin ya ɗago, ko yana zafi sosai lokacin caji, kada ki saya, kuma kada ki sayar wa kowa. Irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, kuma yawanci a kan katifa ake barin sa yana caji kusa da yara.

Wasu ƙananan rimot suna ɗauke da batir mai faɗi kamar kwabo. A kayan hannu murfinsa yakan zama a karye, an ɗaure da roba ko salatif. Idan yaro mai rarrafe ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona wurin cikin awa 2. Idan haka ta faru kada ki tsaya sa shi amai ko jiran ya fita da kansa, ki nufi asibiti nan take. Mai sayarwa ta faɗi cewa murfin ya karye, mai saye ta gyara kafin ya shiga hannun yara.

Iyafis na hannu kuwa, wanda ake cusawa cikin kunne, ki sauya robar bakinsa ko ki goge shi sosai da sifirit, don ciwon kunne yana iya bin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar na'ura. Idan kina magana da ɗanki yana kusa da ke amma bai ji ba saboda abin da ke kunnensa, ya yi yawa, ko da karatu yake saurare. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Idan an samu saɓani

Wani lokaci kowa ya yi gaskiya amma kaya su ɓaci. Mai sayarwa ba ta san da aibin ba, mai saye kuma ba ita ta lalata ba. Kafin ki hau zaure mai mutum 200 ki kira ta macuciya, ki same ta ita kaɗai. Ki tura mata bidiyon abin da ya faru, ki ba ta lokaci ta amsa, wataƙila tana wurin aiki ko ba ta da caji. In ba ku daidaita ba, ku sa shugabar zauren ko wata babba da kuke jin nauyinta, ku kai wa mai gyara ya faɗi ko tsohon aibi ne ko sabo. Sau da yawa raba kuɗin gyara biyu yana kashe maganar. Wadda ta tabbata 'yar damfara ce, wannan daban, a sanar da shugabar zaure da hujja don a kare sauran.

Ke kuma mai sayarwa, idan mai saye ta dawo tana nadama, ko da kayanki ba su da laifi, kuma ba ki riga kin kashe kuɗin ba, karɓar kayanki ki mayar mata da kuɗinta abu ne da addini ya kwaɗaitar a kai. Malamai suna kiran sa iƙala. Ba dole ba ne, amma lada ne, kuma irin wannan halin yana yawo a bakin mata fiye da kowace talla.

Haɗeja gari ne da kowa ya san kowa. Wadda kika yi ciniki da ita yau a waya, gobe ita ce a kusa da ke a layin awo, ko malamar 'yarki, ko surukar ƙaninki. Rediyo zai yi shekararsa 2 ko 3 ya mutu, ku kuwa kuna nan tare. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya rufa mana asiri, ya kuma kiyaye mu da ambaliya a damuna mai zuwa.